Galan Janar Gouraud da Iyakar Illela

Tsakanin Illela da Birnin Ƙonni tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur, harshe ɗaya, dangi ɗaya, amma ƙasa biyu. Mai son sanin dalili ya dubi yadda hafsoshin Faransa suka mayar da ƙasashenmu tsanin hawa muƙami.

Bayan Jamus ta ci Faransa da yaƙi a 1871, ƙarin girma ya yi wuya a barikokin gida. Matashin hafsa mai buri sai ya nemi a turo shi Afirka, inda yaƙi ba ya yankewa kuma idon gwamnati yake nesa. Henri Gouraud, sojan ƙasa da aka haifa a 1867, ta wannan hanya ya bi. Shi ya kama Samori Ture a 1898, ya yi aiki a yankin soja na Damagaram, ya wuce Chadi da Muritaniya da Maroko har ya zama janar. Ya rasa hannunsa na dama a fagen yaƙi a 1915, daga baya ya mulki Siriya da Lebanon.

Irin waɗannan hafsoshi suka sha gala, mutanenmu suka biya kuɗinta. A 1899 rundunar Kyaftin Voulet da Chanoine, wadda ke ci da kwasar ganima, ta ƙone Birnin Ƙonni ta karkashe jama'a. Ba zan yarda cewa haukan mutum biyu kaɗai ne ba. Tsarin da ke saka wa hafsa gwargwadon ƙasar da ya cinye shi ya haifi wannan ta'asa.

Iyakar ma buƙatar soja ce ta zana ta. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta bai wa Ingila da'irar mil 100 daga Sakkwato, sai Faransawa suka tarar hanyarsu daga Kogin Kwara zuwa Damagaram ta faɗa jeji marar rijiyoyi. Aka sake shata layin a 1904 da 1906, Ƙonni ta koma hannunsu.

Illela ta amfana, babu musu, domin kasuwarta ta dabbobi da hatsi da iyaka take rayuwa. Amma da aka rufe iyakar bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, manyan motoci suka yi layi, albasa ta ruɓe a buhu, zumunci ya koma ta ɓarauniyar hanya. Sojojin Faransa sun fice daga Nijar a Disamban 2023, layin da aka shata don ayarin magabatansu yana nan daram.