Hutun Gasa: Lokacin Da Ake Yanke Makomar Adamawa United

YOLA — A duk shekara, da zarar alƙalin wasa ya busa usur na ƙarshe a gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, filayen wasa kan yi tsit, amma a ofisoshin ƙungiyoyi a lokacin ne aiki yake farawa. A cikin 'yan makonnin hutun nan ake tsai da shawara kan wanda zai horar da 'yan wasa, da waɗanda za a sabunta wa kwantiragi, da waɗanda za a sallama, da kuma filin da za a riƙa karɓar baƙi. Kowace ɗaya daga cikin shawarwarin nan magana ce ta kuɗi, kuma a jihar Adamawa, inda gwamnati ce take riƙe da ƙungiyar Adamawa United, kuɗin na jama'a ne.

Ƙungiyar ta faɗo daga babbar gasar ƙwararru ta Nijeriya a shekarar 2021, kuma har zuwa kakar wasa ta 2025/2026 ba ta koma ba. Masu sha'awar ƙwallo a Yola da Jimeta sun fi mai da hankali ga abin da yake faruwa cikin minti 90 na wasa. Amma abin da ya faru daga 2019 zuwa 2021 ya nuna cewa akasarin asara ko ribar ƙungiya tun lokacin hutu ake ƙulla ta, a kan takarda, kafin a taɓa ƙwallo.

Darasin shekaru biyu

A shekarar 2019 ƙungiyoyi huɗu suka haura daga rukuni na biyu zuwa babbar gasa: Adamawa United, da Jigawa Golden Stars, da Warri Wolves, da kuma Akwa Starlets wadda ta koma Dakkada. An fara kakar 2019/2020 cikin watan Nuwamba, aka dakatar da ita a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, a lokacin da Adamawa United take can ƙasan teburi. Da hukumomi suka rufe kakar ba tare da mai da kowace ƙungiya baya ba, sai Adamawa United ta tsira da gurbinta.

Wannan sa'a ta ba ƙungiyar abin da ba kasafai ake samu ba, wato hutu na kimanin wata tara, domin ba a koma wasa ba sai ƙarshen Disambar 2020. Duk da haka, da aka kammala kakar a watan Agusta na 2021, Akwa United ta ɗauki kofi, ita kuwa Adamawa United ta faɗo tare da Jigawa Golden Stars da Warri Wolves da FC Ifeanyi Ubah. Ke nan uku daga cikin huɗun da suka haura tare sun komo tare.

Abin da masu nazarin tattalin arziki za su lura da shi a nan shi ne, tawagar da ta iya cin rukuni na biyu ba lalle ba ne ta iya zama a na ɗaya. A babbar gasa ƙungiyoyi 20 ne, kowace tana buga wasa 38, rabinsu a waje, daga wannan kusurwa ta ƙasa zuwa waccan. Ɗawainiyar ta fi ta rukuni na biyu nesa ba kusa ba, domin a can an kasa ƙungiyoyi ne shiyya-shiyya. Ƙungiyar da ta haura da kasafi da tsari irin na jiya, ta sayi tikitin dawowa ne tun kafin ta tashi.

Kasafin gwamnati da kalandar wasa

Matsala ta farko da take addabar ƙungiyoyin gwamnatocin jihohi baki ɗaya ita ce saɓanin lokaci. Shekarar kuɗi ta gwamnati tana farawa ne a watan Janairu ta ƙare a Disamba, alhali a 'yan shekarun nan babbar gasa tana farawa ne wajajen Agusta ko Satumba ta ƙare wajajen Mayu ko Yuni. Saboda haka lokacin cinikin 'yan wasa yakan faɗo a tsakiyar shekarar kuɗi, sa'ad da takardar neman kuɗi za ta bi layi daga hukumar gudanarwar ƙungiya zuwa ma'aikatar wasanni, daga can zuwa ofishin gwamna, sannan baitulmali.

Kasuwar 'yan wasa kuwa ba ta jiran takarda. Ƙungiyar da kuɗinta suke hannu a makon farko na hutu ita take zaɓen mai tsaron gida da ɗan gaba da take so. Wadda kuɗinta suka fito ana saura mako biyu a fara gasa, sai ta ɗauki abin da aka rage, sau da yawa ma a farashi mai tsada, domin dillalai sun san tana cikin matsi. Naira miliyan ɗaya a farkon hutu ta fi naira miliyan ɗaya a ƙarshensa daraja, ko da kuwa lambar da ke cikin kasafi ba ta canza ba.

Hauhawar farashi ta ƙara tsananta lamarin. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin darajar naira a watan Yuni na shekarar, kuɗin mota da masauki da abinci da kayan wasa sun tashi ƙwarai. Ga ƙungiyar da take Yola, wadda tafiyarta zuwa Legas ta haura kilomita 1,000, wannan nauyi ya fi na takwarorinta da suke tsakiyar ƙasa. Ga kuma haɗarin hanya: a watan Fabrairu na 2021 'yan bindiga sun tare motar Adamawa United a hanyar Benin zuwa Ore, tana kan hanyar zuwa Legas domin karawa da MFM, suka yi awon gaba da direban. Zaɓi tsakanin mota da jirgin sama, da tsakanin tafiyar dare da kwana a hanya, duk a kasafin lokacin hutu ake yin sa.

Mai horarwa kafin 'yan wasa

Shawara ta biyu ita ce ta mai horar da 'yan wasa. Al'adar da ta zama ruwan dare a ƙwallon Nijeriya ita ce a ɗauki koci na kaka ɗaya, idan ya sha kaye sau biyu ko uku a ba shi wa'adin wasanni kaɗan, in bai gyara ba a sallame shi. Ta fuskar lissafi, sallamar tana da tsada biyu. Akwai haƙƙin wanda aka sallama da kuɗin ɗaukar sabo, sannan akwai 'yan wasan da tsohon ya kawo, waɗanda sabon ba ya bukata amma albashinsu yana ci gaba da tafiya.

Tsarin da ya fi araha shi ne a naɗa koci tun farkon hutu, a ba shi kwantiragin shekara biyu ko uku mai ƙayyadaddun sharuɗɗa, a faɗa masa iyakar kuɗin da ake da su, sannan shi ya zaɓi 'yan wasansa. Idan jami'ai da masu faɗa a ji ne suka cika tawaga da nasu kafin koci ya zo, to babu wanda za a kama da alhaki in kaka ta lalace.

Maƙwabciyar Adamawa ta nuna abin da ƙungiyar gwamnati za ta iya yi idan aka dace da jagoranci. A shekarar 2024 El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, ƙarƙashin Aliyu Zubairu, ta ci kofin ƙalubale na ƙasa bayan ta doke Abia Warriors a wasan ƙarshe a Legas, alhali tana rukuni na biyu, kuma a shekarar ta koma babbar gasa.

Ɗan wasa a matsayin jari

Shawara ta uku ita ce ta 'yan wasa, kuma a nan ne ƙungiyoyi suka fi tafka asarar da ba a gani. Kuɗin kofi kaɗai ba ya riƙe ƙungiya: Enyimba ta karɓi naira miliyan 100 a 2023, Rangers ta Inugu naira miliyan 150 a 2024, Remo Stars kuma naira miliyan 200 a 2025, kuma ƙungiya ɗaya ce tak cikin 20 take samun wannan a shekara. Hanyar samun kuɗi da take buɗe ga kowa ita ce renon matasa da sayar da su.

Dokokin hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, sun tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, kashi 5 cikin 100 na kuɗin za a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. A 2022 hukumar ta buɗe ofishi na musamman a birnin Paris domin bin diddigin waɗannan kuɗaɗe. Sai dai ba a biyan kowa sai wanda sunansa yake cikin rajistar ɗan wasan. Ƙungiyar da take sallamar rabin tawagarta duk shekara, take ɗaukar 'yan wasa da kwantiragin kaka guda, ba ta da abin sayarwa kuma ba ta da abin nema. Ahmed Musa ya bar Kano Pillars zuwa VVV-Venlo ta ƙasar Holan a 2010 bayan ya ci ƙwallo 18 a gasar ƙasa. Irin wannan yaro yana iya fitowa daga filayen unguwannin Jimeta, ko daga Mubi, Numan da Ganye, amma sai an yi masa rajista da kwantiragi mai tsawo zai zama jari ga jihar.

Yadda ake yi a Amurka

A gasar NFL ta ƙwallon Amurka, wadda ake bugawa da hannu, lokacin hutu sana'a ce mai zaman kanta. Ƙungiyoyi 32 ne, kuma tun 1994 aka ƙayyade iyakar abin da kowace za ta kashe a albashin 'yan wasa. A 2025 iyakar ta kai dala miliyan 279.2. Ana sallamar masu horarwa ne galibi da zarar kaka ta ƙare, a naɗa sababbi kafin a buɗe kasuwar 'yan wasa a watan Maris, a zaɓi matasa daga jami'o'i a watan Afrilu, sannan a rage tawaga zuwa mutum 53 kafin a fara gasa a Satumba. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ita take fara zaɓen matasa, kuma babu mai faɗuwa zuwa ƙaramin rukuni.

Ba za a iya kwafo wannan tsari dungurungum ba, domin kuɗin talabijin da ake rabawa daidai wa daida ne suke riƙe da shi. Abin ɗauka shi ne jerin aikin: a san kuɗi tukuna, sai koci, sannan 'yan wasa. Kuma tunda a Nijeriya wanda ya zo na ƙarshe ba ya samun tukwici sai faɗuwa, kuskuren lokacin hutu ya fi tsada a Yola.

Filin gida da kasuwar Jimeta

Shawara ta ƙarshe ita ce ta fili. A kakar 2019/2020 Adamawa United ta riƙa karɓar baƙinta ne a filin wasa na Pantami da ke Gombe, kimanin kilomita 250 daga Yola, maimakon dandalin Ribadu da ke Jimeta. Hakan na nufin ƙungiyar tana biyan mota da masauki hatta a wasan da ake kira na gida, ba ta da kuɗin ƙofa na kirki, ba ta kuma da sowar magoya baya a gasar da aka san maki ya fi samuwa a gida.

Asarar ba ta tsaya ga ƙungiyar ba. Duk wasan da aka buga a wajen jihar, cinikin masu masauki ne, da direbobin keke mai ƙafa uku, da masu tsire da ruwan sanyi, da masu sayar da riguna a kasuwar Jimeta ya tafi wani gari. Gyaran ciyawa da ɗakunan sauya kaya da shingen tsaro aiki ne na watanni, kuma masu duba filaye kafin a fara gasa suke zuwa.

Mallakar 'yan kasuwa ma ba magani ba ce ita kaɗai. Remo Stars ta Kunle Soname ta ɗauki kofi a 2025, Barau FC ta Kano ta haura a shekarar, amma Doma United ta Gombe, wadda ta haura a 2022, ta faɗo a 2024. Ko wane ne mai ƙungiya, tambayoyin da majalisar dokokin jiha da masu biyan haraji ya kamata su yi wa hukumar Adamawa United a kowane hutu huɗu ne: yaushe kuɗi suka fito, shekara nawa aka ba koci, 'yan wasa nawa ne suke da kwantiragin da ya wuce kaka guda, kuma a wane fili za a buga wasan farko. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.