Harsashi da Makasa: Mas'alar Farautar Beyar a Alaska

A jihar Alaska ta Amurka, musamman a tsibirin Kodiyak, inda namijin beyar mai ruwan ƙasa, bayan ya ƙoshi da kifi kafin shigowar hunturu, yakan haura kilo 600, maharba sun daɗe suna saɓani a kan wata mas'ala wadda har yau ba su yi ijma'i a kanta ba, wato wace bindiga ce ta cancanci a tunkari irin wannan dabba da ita. Waɗansu sun yi riƙo da .375 H&H, wadda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912, hujjarsu kuwa ita ce nauyin harsashinta, wanda yakan kai giram 19, ya karya ƙashi ya wuce. Waɗansu sun karkata ga .338 Winchester ta 1958. Akwai kuma masu cewa tsohuwar .30-06, wadda sojan Amurka suka ɗauka tun 1906, ta wadatar, da sharaɗin a ɗura mata harsashi mai giram 13 ko fiye, wanda ba ya tarwatsewa idan ya gamu da ƙashi.

A ganina ra'ayin nan na ƙarshe ya fi kusa da daidai, domin babbar bindiga tana da illa: duk wanda ta saba naushin kafaɗarsa, to, tun kafin ya ja kunama zai runtse ido ya noƙe, saiti kuwa ya ɓaci.

Makasar beyar ita ce huhu da zuciya, a bayan allon kafaɗa, kuma gogaggen maharbi ba ya harbi sai dabbar ta ba shi gefe, ta miƙa ƙafar gaba, haƙarƙari ya bayyana. Sai dai a nan ido yakan yaudari mai shi, saboda dogon gashin da ke reto a ƙarƙashin ciki yana ƙara wa dabbar girman da ba nata ba, har baƙo ya auna ƙasa da inda ya kamata. Haka kuma kitse yana toshe raunin harbi, gashi ya shanye jinin, ta yadda idan ta faɗa sarƙaƙiya da rauni, ba sawun jinin da za a bi, ga shi kuwa tana iya laɓewa ta jira mai binta. Harbin kai makaruhi ne a wurin maharba, tun da ƙwaƙwalwar ƙarama ce, goshin kuma a zube yake.

Saboda haka ne dokar Alaska ta wajabta wa wanda ba mazaunin jihar ba ya tafi da jagora mai lasisi, ko ɗan uwansa na kusa mazaunin can, ta kuma haramta harbin uwa mai 'ya'ya.