Gyaran Madafi Kafin Damina

A gidaje da yawa na Birnin Kudu da Gwaram, madafi ya fi kowane ɗaki matsi. Hayaƙi kan turnuƙe shi. Uwargida tana tari, idonta yana ruwa, yaron da ke goye ma yana shaƙa.

Lokacin gyara shi ne rani. Tubalin da aka yi a watan Janairu zai bushe sarai kafin ruwan Yuni.

Kafin a kira magini, maigida ya shawarci matan gida, don su suka san inda wurin ya matse. A shata sabon madafin a ƙasa da toka. A jera murhu da randa da tukwane a ciki, a ga ko wurin ya isa. Share toka ba ya cin ko kwabo, rushe bango kuwa asara ce.

Kada ƙofa ta dubi gabas, daga can hadari ke tasowa. A bar taga sama da murhu, hayaƙi ya fita. A nisanta madafi da rumbu da dangar kara saboda gobara, da masai saboda ƙuda. Dutse ba ya wuya a Birnin Kudu. A sa shi a tushen gini, kada ruwa ya ci gindin bango.