Malami na tafiya, makaranta na nan: an samu sababbin ma'aikata a biron yaƙi da jahilci

An gama kaka. An ɗaure dammunan hatsi an sa rumbu, wake da gujiya sun shigo gida. Lokacin buɗe makarantun manya ya zo ke nan. A wata gunduma ta jihar Maraɗi, buɗewar bana ta zo da canji. Shugaban biron yaƙi da jahilci, wanda ya daɗe a wurin, an kai shi aiki jihar Tawa. Tsohon mai zagaya makarantu kuma shekarunshi sun cika, ya aje aiki. An kawo mutum uku sababbi: shugaba, da mai zagaya makarantu, da wata malama da za ta kula da karatun mata.

Da labari ya kai ƙauyuka, hankalin jama'a ya tashi. Tambaya guda ake yi a zaure da bakin rijiya: makarantarmu za ta buɗe bana kuwa?

Mine ne aikin biron?

Biron yana babban garin gunduma. Ba a karatu cikinshi, amma da shi makarantun ƙauye sunka dogara. Shi ke horon malamai kafin a buɗe. Shi ke raba littattafai da allo da alli da kaye. Mai zagaya yana hawa moto ya bi ƙauyuka, ya zauna bayan aji ya ji yadda malami ke koyarwa, ya gyara mashi in ya yi kure. In bazara ta zo, kafin ruwan shuka, biron ne ke shirya jarrabawa, a san wanda ya iya karatu da rubutu da lissafi.

Wannan aiki ya daɗe a ƙasa. Tun 1963 gwamnatin Nijar ta kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci. A 1977 anka buɗe makarantar horon ma'aikatanta a Yamai. Daga can sabon shugaba da malamar sunka fito.

Abin da ya sa jama'a tsoro

Tsoron yana da dalili. Akwai wani ƙauye cikin gundumar da ya ga abin da idonshi. Shekarun baya malaminsu ya tafi ci-rani bai komo ba. Bai bar rajista ba, bai faɗa ma kowa inda karatu ya tsaya ba. Littattafai na cikin akwati, makulli na aljihunshi. Ɗalibai sun zo kwana biyu, kwana uku, sunka watse. Rumfar makaranta ta zama wurin ɗaurin awaki.

Asarar ba ta tsaya nan ba. Garin yana da rumbun tsimi, inda ake aje hatsi da kaka, a fid da shi da damana lokacin da abinci ya yi wuya. Mutum guda kaɗai ya iya rubuta wanda ya zuba da wanda ya ara. Da damana ta zo, lissafi bai yi daidai ba. Wani ya ce tiya ashirin ya zuba, takarda ta ce sha biyar. Babu na biyu da zai duba takardar ya raba gardama. Maƙwabta sunka daina gaisawa, har sai da magana ta kai gaban maigari. Wataƙila magatakardan bai ci komi ba, kuskure ne. Amma wa zai shaida?

Don irin wannan anka haɗa karatun manya da ƙungiyoyin manoma tun shekarun 1960 da 1970, a kasuwannin gujiya na ƙasar Magarya da Matamai da Maraɗi. Manomin da ya iya ƙidaya shi ke tsayawa gun ma'auni, ya karanta kilo da kanshi.

Yadda tsoho ya miƙa ma sabo

Tsohon mai zagaya bai yarda ya tafi hakanan ba. Baƙo ko da ido makaho ne. Sai ya ɗauki sabon bisa moto, sunka bi ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya. Ko'ina sunka je, gidan maigari ake farawa, sannan liman, sannan ƴan kwamitin makaranta. A gaban jama'a ake buɗe akwati a ƙidaya littattafai. A rubuta adadi cikin kaye biyu: guda ya zauna gun kwamiti, guda ya koma biro. Makulli kuma ya bar hannun malami, ya koma hannun shugaban kwamiti.

Akwai abubuwan da rajista ba ta faɗi. Tsohon ya nuna ma sabon garin da ba a karatu ranar kasuwa, da garin da hanyarshi ke yankewa in ruwa ya sauka. Ya nuna mashi dattijon da idonshi ya rage, wanda sai an zaunar da shi kusa da allo, ba tare da an kunyata shi ba. Ya gargaɗe shi kada ya gyara ma malami kure gaban ɗalibai. Sai an tashi, su biyu kaɗai.

Ɗan gari ya zama malami

Sabon shugaba ya zo da shawara guda: kowane gari shi ba da ɗanshi a hore shi. Baƙon malami in aiki ya ƙare sai ya naɗe tabarmarshi. Ɗan gari kuwa gonarshi na nan, iyalinshi na nan.

A ƙauyen da makaranta ta mutu, an zaɓi wani saurayi da ya koyi karatu cikin wannan rumfa. Da farko dattawa sun ƙi. Yaron da anka yi sunanshi gabansu, shi zai tsaya ya ce masu su maimaita? Saurayin bai yi gardama ba. Ya bi su gida gida ya gaishe su, wannan Baba, wancan Kawu. Ya roƙi wani kawunshi shi kawo takardar bashin takin zamani da ke aje cikin gafaka. Sunka zauna sunka karanta ta tare, baƙi bayan baƙi, har kawun ya gane sunanshi da yawan buhun da anka rubuta mashi. Kashegari kawun ne ya fara shimfiɗa buzu cikin rumfa. Sauran sunka biyo. Gemu ba ya hana ilimi.

Mata da makiyaya

Can baya mata kaɗan ke zuwa. Wasu maza ba su barin matansu zama gaban malami namiji, kuma lokacin karatu ya yi daidai da lokacin daka da ɗiban ruwa. Sabuwar malama ta fara da tambayar matan lokacin da sunka fi so. Sunka zaɓi bayan azahar, cikin gidan uwargidan maigari. Darasin farko daga abin da ke hannunsu ya fito: kuɗin adashi, da katin awon yara na gidan likita, da lambobin salula. Mace ta iya rubuta zubinta, ta iya kiran ɗanta da ke ci-rani ba ta nemi yaro ya latsa mata ba. Malamar tana neman mata biyu a kowane gari da za ta hora su riƙe ajin in ba ta nan.

Makiyaya kuma sun daɗe suna kuka. Ana buɗe makaranta lokacin da suke yawon neman ruwa da haki. Sabon mai zagaya yana jin Fulatanci. Ya je ruga ya zauna da ardo, anka shirya a yi karatu kusa da rijiya, bayan an shayar da bisashe. Abin da sunka fara nema shi ne karanta takardar allurar rigakafi, da yawan maganin da ake ba saniya da wanda ake ba tunkiya.

Tsofaffin littattafai

Da sababbin ma'aikata sunka share ɗakin ajiya, sun tarar da littattafan da. Cikinsu ana rubuta wasali biyu in sauti ya yi tsawo, kamar a sunan jaridar Gangaa. Wannan rubutu ya biyo bayan taron Bamako na 1966. A 1980 an yi wani taro a Yamai don daidaita rubutun Hausa na Nijar da Najeriya, kuma a 1999 gwamnati ta kafa ƙa'idar da ake bi. Dattijon da ya koya da tsohon rubutu kada shi ce karatunshi ya ɓace. Baƙaƙen ɓ da ɗ da ƙ na nan yadda ya san su. Kwana kaɗan ido ke sabawa.

A watan Maris na 2025 an mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar. Wanda ya iya karanta ta ya samu abin riƙewa.

Sauran aiki na gun gari

Mutum uku ba su iya riƙe gunduma guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗan abin da ake ba malamin ƙauye ba shi da yawa, wani lokaci kuma yakan makara. Garin da ya taimaki malaminshi da tiyar hatsi ko gayyar noma, malamin ba ya tafiya ci-rani tsakiyar karatu.

Abin da biron ke roƙo gun kowane gari abu huɗu ne. A gyara rumfa kafin ranar buɗewa. A kafa kwamiti, da mata ciki. A aje rajista da makulli gun kwamiti. A zaɓi ɗalibi guda mai ƙwazo shi riƙa taya malami, don ranar da malami ya yi ciwo ko ya tashi.

Manoma da makiyaya, ma'aikaci baƙo ne, yau yana nan gobe an kai shi wata jiha. Makaranta ta gari ce. A ƙauyen nan an fid da awaki daga rumfa, an sake mata zana. Bana mutum uku ke koyon riƙe kayen rumbun tsimi.