Jini da Ƙwaƙwalwa: Daga Gona Suke Samun Ƙarfinsu



A ƙarshen daminar bara na kai rangadi wani ajin yaƙi da jahilci na mata a ƙasar Buza. Da malama ta kira suna, sai aka tarar mace biyar ba su zo ba, kuma dalilinsu ɗaya ne: yaro ba lafiya. Bayan an tashi, muka je gaida ɗaya daga cikinsu. Ɗanta mai shekara biyu yana kwance bisa tabarma, yana numfashi sama-sama. Kakarsa ta ce iska ce ta shafe shi. Na buɗe tafin hannunsa, na gan shi fari fat kamar an wanke ƙwarya. A daren nan aka ɗora shi bisa amalanke zuwa likita, aka ƙara masa jini, Allah ya sa da sauran kwana. Uwar ta tambaye ni: "Malam, yaron da bai yanke ba, bai faɗi ba, ta ina jininsa ya zube?" Amsar wannan tambaya ce na kawo muku yau.

Tubalin da aka gina jiki da shi

Wanda ya hangi katanga daga nesa zai ce abu ɗaya ce. In ya matso, sai ya ga tubali ne bisa tubali. Haka jikin ɗan Adam yake. Fata da nama da ƙashi da jini duk an gina su da wasu ƙananan abubuwa masu rai, waɗanda ake kira ƙwayoyin halitta. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita mai ƙara girman abu. Wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, shi ya fara ba su suna a shekarar 1665, lokacin da ya duba ɓawon itace ya ga ƴan ɗakuna jere kamar saƙar zuma.

Kowace ƙwaya tana ci, tana shaƙar iska, tana aiki, tana fitar da dauɗa. Amma ƙwayar da ke cikin yatsan ƙafa ba ta iya tasowa ta zo bakin akushi. Dole a kai mata abinci da iska har inda take. Wannan shi ne aikin jini.

Abin da ke cikin jini

Mai lambu a fadamar Tarka ya san yadda inji ke jawo ruwa, ya tura shi babbar hanya, ita kuma ta rarrabu zuwa ƙanana har kowane fangali ya sha. Zuciya ita ce injin, jijiyoyi su ne hanyoyin. Babban mutum yana da jini kamar lita 5, kuma zuciyarsa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, dare da rana.

Fiye da rabin jini ruwa ne, mai ɗauke da gishiri da sukari da sauran abin da hanji ya tace daga abinci. Shi ya sa zawo ke saurin kayar da yaro, shi ya sa kuma ake ba shi ruwan gishiri da sukari. A cikin wannan ruwa ƙwayoyi iri uku ke yawo. Farare su ne dakarun jiki, masu yaƙi da cuta. Akwai wasu ƴan mitsi-mitsi masu toshe rauni, su sa jini ya daskare. Sai jajaye, waɗanda suka fi yawa: a ɗigon da bai wuce kan allura ba, akwai su wajen miliyan 5.

Jar ƙwaya ƴar dako ce. A cikinta akwai wani sinadari mai suna hemogulobin, shi ke kama iskar oksijin a huhu, ya kai ta ko'ina cikin jiki. Abin da ke kama iskar kuwa ƙarfe ne. Ƙarfe na gaske, irin wanda maƙeri ya sani, sai dai kaɗan ne ƙwarai: duk wanda ke jikin babban mutum bai wuce nauyin ƙaramar ƙusa ba. Shi ke sa jini ja. Jar ƙwaya tana rayuwa kamar kwana 120, kusan abin da albasar Galmi ke yi daga dashe zuwa cira. In ta tsufa, saifa ta kawar da ita. A cikin ɓargon ƙashi ake ƙera sababbi, fiye da miliyan 2 a kowane daƙiƙa. To, maƙerin da ba a kawo masa ƙarfe ba, me zai ƙera?

Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma ita kaɗai ke cinye kashi ɗaya cikin biyar na iskar da jiki ke amfani da ita. Tana da ƙwayoyi wajen miliyar 86, suna aika wa juna saƙo. Gani da ji da magana da tuna baƙin da aka koya jiya a aji, duk aikinsu ne. Sai dai ƙwaƙwalwa ba ta ajiya. In jini ya daina isa gare ta, cikin ƴan daƙiƙoƙi mutum zai suma, cikin ƴan mintoci ƙwayoyinta su fara mutuwa.

Tun yaro yana ciki har ya kai shekara biyu, a nan ne ƙwaƙwalwa ta fi saurin girma. Yaron da ya rasa ƙarfe a wannan lokaci yakan yi nawar tafiya da magana, in ya shiga lakwal kuma karatu ya yi masa wuya. Sai a ce daƙiƙi ne, alhali yunwar da ba a gani ce ta cuce shi. Haka ma rashin sinadarin yodi, wanda ke kawo maƙoƙo, yana dakushe basira. Saboda haka a nemi gishiri mai yodi a kasuwa.

Ɓarayin jini

Babban ɓarawo shi ne zazzaɓin cizon sauro. A shekarar 1880, a birnin Kustantin na ƙasar Aljeriya, wani likitan sojan Faransa mai suna Laveran ya ga ƙwayar cutar cikin jinin majinyaci. A 1897, a Indiya, Ronald Ross ya gano ta a cikin sauro. In sauro ya ciji mutum, cutar takan fara sauka a hanta, ta yi kamar mako ɗaya tana hayayyafa. Daga nan ta shiga jajayen ƙwayoyi, ta cinye cikinsu kamar yadda ƙwaro ke yi wa wake, ta fasa su duk bayan kwana biyu. Ga amsar tambayar uwar nan: jinin ɗanta a ciki ya lalace. Wani lokaci ƙwayoyin da suka kamu sukan manne a ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, su tare hanya. Shi ne za a ga yaro yana jijjiga, ido ya kakkafe, ko ya suma. Wannan ba lokacin turare ba ne, lokacin gudu ne zuwa likita.

Ɓarawo na biyu tsutsar ciki ce mai shan jinin hanji, wadda ke shiga ta tafin ƙafa a ƙasa mai laima, sai kuma tsargiya da yara ke ɗauka wajen wanka a tabki. Na uku haihuwa kusa da kusa, domin kowane ciki yana ɗibar ƙarfen uwa. Na huɗu tuwo da fura kullum, ba wake, ba ganye, ba nama. Akwai kuma amosanin jini, wanda ake gado daga uwa da uba gaba ɗaya, mai lanƙwasa jar ƙwaya kamar lauje. Awon jini kafin aure yana nuna wanda ke ɗauke da shi.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Babban binciken lafiya da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna yara 73 cikin 100, ƴan wata 6 zuwa shekara 5, suna da ƙarancin jini, haka ma mata 46 cikin 100.

Yadda za a gane

A duba tafin hannun yaro cikin hasken rana, a gwada da na mai lafiya. A ja fatar ido ta ƙasa, a dubi harshe da farce. In sun yi fari, ga kasala, ga saurin numfashi, kada a kwana. Ina roƙon iyayenmu wanzamai, masu daraja a gari: yaron da ke cikin wannan hali kada a yi masa tsaga ko ƙaho, kada a cire masa beli. Ɗan jinin da ya rage shi ke riƙe da ransa. Ku kuma maza, in likita ya nemi jini, a ba da. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yana mayar da shi cikin ƴan makonni.

Maganin da ke gona

Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mutanen Adar sun san gyaran ƙasa. Tun 1975 aka fara dasa layukan bedi masu tare iska a kwarin Majiya, daga 1984 kuma aikin raya karkara na Keita ya farfaɗo da faƙo da duwatsu, mata ne suka ɗauki mafi yawan wahalarsa. Yadda aka gyara ƙasa, haka ake gyara jini.

Wake yana da ƙarfe. Maigida, kada ka kai shi duka kasuwa da kaka, ka ware tiyoyin gida, ka adana cikin buhu mai riɓi uku don ƙwaro. Zogale da kuka da rama da yakuwa suna taimakawa. Hanta da nama da kifi sun fi kowa, ko da sau ɗaya ne a mako, kuma a fara ba yaro da mai ciki kafin maigida. A 2018 an fito da wani irin gero a Nijar mai suna Chakti, wanda ya fi na gargajiya ƙarfe, yana kuma nuna da wuri; a tambayi malaman gona. Tumatir da lemun tsami da gwaba da garin ƴaƴan kuka suna taimakon hanji ya tsotsi ƙarfen da ke cikin wake da ganye. Shayi kuwa yana hana shi, don haka a jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan cin abinci, kada kuma a saba wa ƙananan yara da shi.

Mai ciki ta je awo, ta sha ƙwayoyin ƙarin jini har ƙarshe, ko da kashinta ya yi baƙi, ba illa ba ce. Kowa ya kwana cikin gidan sauro, yara su sa takalmi. Madawa da Buza suna cikin wuraren da aka fara raba maganin rigakafin zazzaɓi na damina a Nijar, a 2013, tare da ƙungiyar likitoci ta MSF. Ana ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5, sau ɗaya a wata, kwana uku a jere. Na ranar farko a gaban masu rabo ake sha, na kwana biyun da suka rage amana ce a hannun uwa. Kada a ɓoye shi sai yaro ya kwanta.

Malaman aji, ku karanta wannan shafi tare da ɗalibanku, kowa ya duba tafin hannun ƴaƴansa yau da ya koma gida. Yaron nan na Buza yanzu yana bin awaki da gudu, uwarsa kuma ta koma aji, ta dasa zogale uku a bayan ɗakinta.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.