Masu Kawo Yara Hutu Utai, Ku Kula Da Bakin Ruwa

Duk lokacin da aka ba da hutun makaranta ko Sallah ta zo, motoci kan ciko da yara daga birnin Kano zuwa garuruwan kakanninsu. Utai, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Wudil, tana samun nata rabon baƙin. Abin so ne kuwa. Magidancin da ba zai iya kai 'ya'ya gidan namun daji na Audu Bako ba, ko wuraren lilo da tun daga ƙofa ake fara tatsar aljihu, idan ya kawo su nan sun sha iska, shi ma aljihunsa ya huta.

Abin kallo ba ya ƙarewa, kuma yawancinsa kyauta ne. Utai tsohon gari ne, mazaunin Fulani Joɓawa, dangin Malam Bakatsine, ɗaya daga cikin jagororin jihadi a ƙasar Kano bayan 1804. A gidansu sarautar Makaman Kano take. Yaron da aka kai ya gaida dattawan gari ya zauna ya ji wannan daga bakinsu ya samu abin da ba ya cikin littafin makarantarsa. Ranar Juma'a ga kasuwar Wudil, wadda kararta take cikin manyan kasuwannin shanu na Arewa, inda yaro zai ga dillalai na ciniki, ana loda shanu a tirela zuwa Kudu. Ga masu sayar da tukwane, tuluna da asusu, ga soyayyen kifi, ga fura da nono, ga rake. Babban ɗalibi kuma a nuna masa jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a 2001, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Dangote, da makarantar horar da manyan 'yan sanda, ko Allah zai sa masa sha'awa.

To amma duk wannan ba shi yaran birni suke so ba. Ruwa suke so. Tun daga kan gadar Wudil, da sun hango kogi ta tagar mota, magana ta ƙare. A nan kuma sakacinmu yake.

Kwanan baya na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wani bawan Allah ya zo bakin kogin da yara, ƙaraminsu bai wuce shekara shida ba, duk da kayan Sallarsu. Ya samu inuwa ya zauna yana danna waya. Yaran suka tuɓe takalma, suka naɗe wanduna, suka fara da jiƙa ƙafa, can sai ga ruwa ya kai wa babbansu ƙugu. Wani dattijo masunci da ke gyaran koma ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, yaran nan naka ne? A ce su fito, wurin nan akwai rami." Ko kallonsa bai yi sosai ba ya ce, "Baba, bar su, ai bakin-baki ne." Sai da dattijon ya tashi da kansa ya kore su da sanda. Allah Ya tsare, amma ba don dabarar uban ba.

"Ai bakin-baki ne." Wannan magana ta raba iyaye da yawa da 'ya'yansu. Kogin Wudil ba bahon wanka ba ne. Ruwan kogin Kano da na Challawa ne suka haɗu suka biyo ta nan suka nufi Haɗeja, kuma a samansu akwai manyan madatsu biyu, Tiga da Challawa. Idan aka saki ruwa daga can, inda jiya yake iya gwiwa yau sai ya shanye mutum, ko da sama ba hadari. Sannan ga ramukan da masu haƙar yashi suke bari. Kana tafiya a kan rairayi mai daɗin taku, taku ɗaya sai ka ji ba ƙasa. Ɗan gari ya san inda gurbi yake, ya san inda igiyar ruwa take ja. Yaron da ya taso a Fagge ko Hotoro, wanda iyakar saninsa da ruwa famfo da bokiti, ina zai sani? Kuma mai nutsewa ba kasafai yake samun bakin ihu ba. Kafin uba ya gama karanta saƙo ɗaya a waya an gama.

Samari ma ba a bar su a baya ba. Za ka ga ƙato ya hau ƙarfen gada ko ya miƙe tsaye a tsakiyar kwalekwale don a ɗauke shi hoton da zai sa a Facebook. Hoton da wataƙila shi za a yi ta yaɗawa ana rubuta "Allah Ya jiƙan rai" a ƙasa.

Hawan kwalekwale nishaɗi ne mai araha, ban ce a daina ba. Amma wa ya manta da Bagwai? Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin ruwa ya taso daga ƙauyen Badau maƙare da mutane, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai. Gawa 29 aka tabbatar, ana ci gaba da nema. Lodi ne ya yi yawa. Duk da haka har gobe sai ka ga matuƙi ya ce ya cika, fasinja na roƙo, "Haba malam, yara ne, ba su da nauyi." Idan matuƙi ya ce ya isa, to ya isa. Idan shi ne mai haɗamar, kai ka sauko da naka. Kada a hau bayan magariba, kada a hau hadari na haɗuwa, a zaunar da yaro a tsakiya kusa da babba, in akwai rigar kariya daga nutsewa a sa masa, ba a riƙe ta a hannu ba.

Kada wani ya ce ai shi bai je kogi ba, yana cikin Utai. Kududdufan bayan gari da ramukan da aka ɗebi ƙasar gini, da damina duk sukan cika, kuma sun fi kogin yaudara domin ruwansu a kwance yake, ƙasansu kuwa taɓo ne mai riƙe ƙafa. Ko yaro ya fito lafiya, akwai tsargiya. Ƙwayar cutar daga dodon koɗi take fitowa, ta huda fata ta shiga jiki. Sai an koma birni da makonni yaro ya fara fitsarin jini, a yi ta cewa zafin rana ne ko alamar balaga. Ba ko ɗaya. A kai shi asibiti a yi gwajin fitsari, maganinta sananne ne kuma ba shi da tsada.

In tsautsayi ya faru, wanda bai iya iyo ba kada ya faɗa don ceto, gawa biyu za a fitar. A miƙa gora ko igiya, ko a jefa jarka rufaffiya, a yi kururuwar masunta. Wanda aka tsamo kuma a bar wannan al'ada ta juya shi kai ƙasa ana danna ciki. In ba ya numfashi a hura masa iska a baki ana danna ƙirji, a garzaya da shi Babban Asibitin Wudil ko da ya farfaɗo ya ce ya ji sauƙi.

Laifin ba na baƙi kaɗai ba ne. Mu masu masauki mukan ji nauyin tsawata wa ɗan birni, kada uwarsa ta ce an takura masa. Sai kaka ta ce wa jikanta ɗan shekara goma, "Kai, raka 'yan'uwanka su ga gari," shi ke nan an ɗora wa yaro amanar yara. Ina kira ga masu unguwanni da limaman Utai da kewaye su riƙa yin wannan jan kunne a masallatai kafin kowace Sallah, ƙaramar hukuma kuma ta kafa alluna a wuraren da masunta suka san akwai rami. Kai kuma uba, in ka kawo su, ka sa wayar nan a aljihu, ka riƙe hannun ɗanka har ku bar bakin ruwa.