Ciwon kunnen yara: me ya sa kapso ya daina ci?

A Azarori, da yaro ya kwana kukan kunne sai mu sayi kapso biyu wurin mai talla. Zazzaɓi na sauka, mu daina. To ƙwayoyin cutar da suka tsira su ne masu taurin kai. Su ke hayayyafa har amoksisilin ya kasa su, ga kunne na mugunya wata da watanni, ji na raguwa.

Tun 2006 aka ce duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Mu kai su likita, mu cika kwanakin magani, ko cokali ɗaya kada mu raba wa ɗan maƙwabciya. In bayan kunne ya kumbura kuwa, sai asibitin Madawa, ranar nan.